Yadda Ake Gano Abin da Ya Hana Tsohon Zarton Inji Tashi, da Yadda Ake Gyara Shi

Yawancin tsofaffin zartunan inji da ake sayarwa a Garwa da Marwa sun sha aiki kafin su iso hannunmu. Wasu daga kudu suke fitowa, inda aka yi shekaru ana tsaga katako da su a daji, su biyo ta Ngaundere. Wasu kuma ta kan iyaka suke shigowa daga Mubi ko Yola. Maganar mai sayarwa ɗaya ce kullum: "Alhaji, lafiyarsa ƙalau, ajiye shi kawai aka yi." Mai saye ya kai gida, ya yi ta jan igiya har kafaɗa ta ƙage, injin ko tari bai yi ba. Abin da ya fi yawa a nan shi ne a ɗauko sukudireba a hau murɗa kusoshin kafireta, wato an bar jaki ana dukan taiki, domin sau da yawa laifin ba a can yake ba, kuma wanda ya murɗa su ya ƙara wa kansa matsala ta biyu a kan ta farko.

Injin zarto ƙarami ne, irin wanda ake gauraya masa fetur da man inji a tanki ɗaya. Ba ya tashi sai abubuwa uku sun haɗu: matsi a cikin silinda, wuta a bakin fulogi a daidai lokacinta, da gaurayen mai da iska gwargwadon buƙata, sannan hayaƙi ya sami hanyar fita. Aikin mai gyara shi ne ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya fara da wanda idan ya lalace ya fi cin kuɗi, don kada ya sayi kayan gyara a kan injin da bai cancanci gyara ba.

Kayan aiki da shiri

Ana buƙatar sifanar fulogi, wadda yawanci take zuwa tare da zarton, da ƙaramar sukudireba mai siririn baki, da makullin kusa mai kan tauraro mai lamba T27 idan zarton ƙirar kamfanin Stihl ne, ko mai kusurwa shida idan ƙirar Husqvarna ne na da. A tanadi filaya, da guntun waya mai lanƙwasa, da sirinji mai cin mililita 20 daga kantin magani, da tsohon buroshin haƙori, da farin ƙyalle ko faranti da za a riƙa jera ƙananan kaya a kai. A yi aikin a fili mai iska, nesa da murhu da mai shan taba, a kan tebur ko tabarma, domin kusar kafireta idan ta faɗa cikin rairayi sai dai haƙuri. A taka birkin sarƙa ta hanyar tura kariyar hannu da ke gaban mariƙin sama zuwa gaba, a sa kube a kan dogon ƙarfen da sarƙar take zagayawa. Kafin a kwance komai a goge jikin injin, musamman kewayen fulogi da matatar iska, don kada dattin waje ya faɗa ciki.

Mataki na farko: man da ke tanki

A buɗe tanki a juye abin da ke ciki a kwalba mai haske a duba. Tsohon fetur yana yin duhu, warinsa ya koma kamar na fenti, kuma a zafin watan Maris da Afrilu, lokacin da Garwa take haura digiri 40, sashen da ya fi saurin kamawa da wuta yana tashi ya bar danƙo. Idan an ga wani abu ya kwanta a gindin kwalbar daban da sauran, ruwa ne. Man kwalba na bakin titi, wanda muke kira zuwa-zuwa, ba a rasa samun ƙura ko ruwa a cikinsa saboda jarkokin da yake bi, don haka a tace shi da ƙyalle mai tsabta idan babu halin sayen na gidan mai. Ga kuma wani ruɗani na yankinmu da ya kamata a kiyaye idan za a aiki yaro: abin da Faransanci yake kira "fetirol" kananzir ne, fetur kuwa "esans" ake ce masa, kuma zarto ba ya tashi da kananzir.

A haɗa sabon mai da man 2T, wato man injin da aka yi don gaurayawa da fetur, ba baƙin man babur ba, balle wanda aka juye daga mota. Stihl da Husqvarna suna cewa kashi 50 na fetur ga kashi 1 na mai idan man mai kyau ne, wato mililita 20 a kowace lita. Ƙananan zartunan China masu 52 ko 58 cc galibi 25 ga 1 aka rubuta a jikinsu, wato mililita 40 a lita. Sirinjin nan shi ne ma'auni, ba ido ba, ba kuma murfin gora ba. Kada a haɗa fiye da abin da za a ƙarar cikin wata guda.

Sai a gwada tayar da shi bisa ƙa'ida, domin akwai zartunan da ba abin da ya same su illa rashin sanin hannu. A ajiye shi a ƙasa, a sa ƙafar dama cikin mariƙin baya, hannun hagu a kan mariƙin sama. A kunna makunni, a rufe cok, a danna maɓallin rage matsi idan yana da shi. A ja igiya har injin ya yi tari sau ɗaya, kuma da zarar ya yi, a buɗe cok a sake ja. Wanda bai ji tarin nan ba ya ci gaba da ja da cok a rufe, shi ne mai shaƙe injin da mai. Alamar hakan ita ce warin fetur da jiƙaƙƙen fulogi. Maganinsa a kashe makunni, a cire fulogi a shanya, a buɗe cok, a kifa zarton a ja igiya kamar sau goma sha biyar har ramin ya daina feso mai, sannan a mayar a ja ba tare da cok ba.

Mataki na biyu: matsi

Idan bai tashi ba, sai a koma kan matsi, domin shi ne zai nuna ko injin yana da sauran rai. Gwaji mafi sauƙi ba ya buƙatar kayan aiki: a riƙe mariƙin igiya a ɗaga zarton sama da shi, ba tare da an danna maɓallin rage matsi ba. Mai lafiya zai tsaya a rataye ko ya riƙa sauka a hankali, yana tsayawa yana cijewa. Wanda ya zube ƙasa igiyar na warwarewa ba turjiya, matsinsa ya tafi. Wanda ya sami agogon awon matsi a gareji zai ga lafiyayyen zarto yana kai wa wajen bar 10 (bar shi ne ma'aunin matsi), kuma abin da ya gaza bar 7 da wuya ya tashi.

Amma abin da na fi amincewa da shi shi ne ganin ido. A kwance salansa, kusoshi biyu ne zuwa huɗu, a haska ramin da hayaƙi yake fita da fitilar waya, a riƙa jan igiya sannu sannu har fistin ya wuce ta gaban ramin. Fistin mai lafiya sumul yake, zobensa yana ɗan motsi idan an taɓa shi da tsinken itace. Idan aka ga zane-zane a tsaye kamar an ja ƙusa a jikinsa, zoben kuma ya manne a cikin gurbinsa, to injin ya taɓa ƙonewa, ko don an zuba masa fetur tsura ba mai, ko don ya yi aiki da ƙarancin mai da yawan iska har ya yi zafin da ya wuce kima. Zanen da yake ɓangaren kafireta kuwa yawanci aikin ƙura ne, wato an yi ta aiki da yagaggiyar matatar iska, abin da ba baƙo ba ne a wurin da hunturu yake cika ko'ina da hazo.

A nan akwai abin da bakaniken babur yakan yi kuskure a kai. Silindar zarto ta alminiyan ce da aka shafe cikinta da wani siririn rufi mai tauri, ba a yi mata bori kamar yadda ake yi wa ta babur. Idan narkakken alminiyan na fistin ne kawai ya manne a bangonta, ana iya goge shi da lallausar takardar yashi a hankali, a sa sabon fistin da zobe. Idan kuwa farce yana maƙalewa a cikin zanen, rufin ya huje, sai dai a sauya silinda da fistin gaba ɗaya. Kafin a biya kuɗinsu a kwatanta da farashin wani zarton, sannan a tuna cewa abin da ya ƙona fistin na farko yana nan har yanzu, kuma zai ƙona sabon cikin kwana kaɗan idan ba a gano shi ba. Za a zo kan wannan a batun satar iska.

Tun da salansa tana hannu, a duba cikinta. Wasu suna da 'yar raga a bakin mafitar hayaƙi wadda baƙin toka yake toshewa, sai a cire ta a ƙona da wuta a goge da buroshi. Bara kawuna ya kawo mini wani Stihl da ya saya don sassabe darbejiyar da ta rufe masa katanga, bayan ya sauya fulogi biyu da kafireta guda a wurin wani mai gyara, duk a banza. Matsi lafiya, wuta lafiya, yana tari amma ba ya ɗorewa. Na ce, "Kawu, a ina aka ajiye shi kafin ka saya?" Ya ce, "Ɗana, a rumfa na same shi rataye, tun kafin damina yake nan." Da muka buɗe salansa sai ga ginin zanzaro, jar laka ta cika mafitar tam, har da busassun tsutsotsi a cikin ɗakunanta. Tsinke da buroshi suka gama aikin.

Mataki na uku: wuta

A cire fulogi, wanda masu gyaranmu suka fi kira buji, a karanta bakinsa. Launin ƙasa-ƙasa alamar lafiya ce, baƙi mai maiƙo yana nuna mai ya yi yawa, fari fat kuma yana nuna ƙarancin mai da zafi. Idan bayan ja da yawa ya fito a bushe ƙarƙaf, mai ba ya isowa ke nan, kuma wannan ma amsa ce. Tazarar bakinsa rabin milimita ce a yawancin zartuna, kuma NGK BPMR7A yana shiga da yawa daga cikin manyan Stihl da Husqvarna, sai dai a tafi kasuwa da tsohon a hannu don a gwada tsawon zarensa.

A mayar da hular a kan fulogin, a jingina ƙarfensa da jikin silinda nesa da ramin, a tabbata babu fetur da ya zube a kusa, a kunna makunni a ja igiya da ƙarfi a cikin inuwa. Ana son tartsatsi shuɗi mai ƙara. Kada a ja igiya alhali fulogin yana lilo bai taɓa ƙarfe ba, domin hakan yana iya lalata kwayil. Idan babu wuta a gwada sabon fulogi. Idan har yanzu babu, a buɗe murfin igiya a zare siririyar wayar da ta taso daga makunni zuwa kwayil, a sake gwadawa. Dawowar wuta yana nufin wayar ta goge tana taɓa jiki, ko makunnin ya lalace, kuma gyaran ba ya cin komai. Sai dai a sani cewa muddin wayar nan a cire take, ba a iya kashe injin da makunni, sai da cok.

Idan wuta ba ta dawo ba, a duba tazarar da ke tsakanin kwayil da maganaɗisun da ke jikin fankar injin. Kimanin milimita 0.3 ake so. A sassauta kusoshin kwayil biyu, a sa katin kasuwanci na takarda a tsakani, a juyo maganaɗisun ya ja kwayil ɗin ya manne da katin, a ɗaure, a zare katin. Idan duk an yi wannan babu wuta, kwayil ya mutu, kuma ba a gyara irinsa, sauyawa ake yi. Akwai kuma zarton da yake da wuta mai kyau amma yana fizge igiya daga hannu ko yana harbi ta salansa. Irin wannan a cire fankar a duba ɗan makullin da yake riƙe ta a kan karanshaf, domin idan ya karye fankar ta goce, wutar tana zuwa ba a lokacinta ba.

Mataki na huɗu: gwajin rabin cokali

Idan matsi da wuta sun tabbata, gwaji ɗaya zai raba gardama. A ɗiga kamar rabin ƙaramin cokali na gaurayen mai ta ramin fulogi ko ta bakin kafireta, a ɗaure fulogi, a ja ba cok. Idan ya tashi ya yi daƙiƙa biyu ko uku ya mutu, injin lafiya yake, mai ne ba ya isa gare shi, kuma yanzu ne aka sami hujjar taɓa hanyar mai.

Daga tanki ake farawa. A sa lanƙwasasshiyar waya a jawo tiyon da ke ciki, a ƙarshensa akwai matatar mai. Idan ta yi baƙi ko ta yi tauri a sauya ta. A lanƙwasa tiyon a duba ko ya tsattsage ko ya yi laushi kamar cingam, musamman inda ya ratsa bangon tanki. Tankin yana da 'yar mashaƙar iska, kuma idan ta toshe zarton yakan tashi ya yi minti kaɗan ya mutu, idan an buɗe murfi a ji ya ja iska. Akwai kuma wani gajeren tiyo, ko wata 'yar hanya a jikin mazaunin kafireta, da take kawo bugun iska daga cikin injin don ta motsa famfon mai. Idan ta tsage ko ta zare, kafireta ko sabuwa ce ba za ta ja mai ba, kuma mutane da yawa ba su san da ita ba. Matatar iska a wanke ta da ruwan sabulu a bar ta ta bushe sarai.

Mataki na biyar: kafireta

Kafin a cire ta a ɗauki hoto da waya, a ga yadda sandar totur da ta cok suke maƙale. Yawancinsu Walbro ne ko Zama ko Tillotson, kuma suna da lamba a jiki wadda da ita ake neman kayan gyaransu. Murfi biyu gare ta. A ƙarƙashin ɗaya akwai fatar famfo da wata 'yar raga mai faɗin ƙwayar wake, inda datti yake taruwa. A ƙarƙashin ɗayan akwai fata mai ƙaramin faifan ƙarfe a tsakiya, wadda take danna wani ɗan hannu, shi kuma ya ɗaga allurar da take buɗe wa mai hanya. A zarton da ya daɗe a ajiye wannan fatar ce take bushewa, kuma idan aka taɓa ta aka ji tana ƙara kamar busasshen ganye, ta gama aiki. A sa yatsa a kan ɗan hannun yayin da ake kwance kusarsa, domin akwai siririn sifirin a ƙarƙashi wanda idan ya yi tsalle ba a ƙara ganinsa.

A wanke jikin da sabon fetur ko man feshi na wanke kafireta, a tabbata yana fita ta kowace ƙofa. Kada a zura waya ko allura a ramukan, kada kuma a kai ta wurin mai faci a hura mata iska mai ƙarfi, domin akwai ɗan bawul a ciki da yake lalacewa. Wajen mayarwa a kula da jeri: a ɓangaren famfo fata ce take fara kwanciya a jikin kafireta sannan gasket, a ɓangaren allura kuwa gasket ne farko sannan fata. Wanda ya juya su zai ga injin yana shaƙewa ko yana jin yunwa. Ra'ayina shi ne a gyara kafiretar asali da sababbin fatu ya fi a jefar da ita a sa ta kwaikwayo mai araha, wadda sau da yawa ba ta karɓar saiti.

Satar iska

Idan zarton ya tashi amma yana gudu shi kaɗai ba a taɓa totur ba, ko muryarsa tana sauyawa idan an kwantar da shi ta gefe, iska tana shiga ta inda bai kamata ba. Wuraren zargi su ne robar wuya da take haɗa kafireta da silinda, da gasket na gindin silinda, da robobi biyu da suke toshe gefen karanshaf. A lanƙwasa robar wuyan a haska, tsagarta takan ɓuya a cikin ninki. Tabbataccen gwaji shi ne a toshe bakin kafireta da na salansa da guntun roba, a hura iska kimanin rabin bar da ƙaramin famfon hannu, a shafa ruwan sabulu a ga inda kumfa zai taso. Duk zarton da aka samu da ƙonannen fistin ya wajaba a yi masa wannan kafin a sa sabo.

Daidaita kusoshi

Sai yanzu aka zo kan kusoshin nan uku. L tana kula da mai a ƙaramin gudu, H a babban gudu, ta ukun kuma, wadda Stihl yake rubuta wa LA, Husqvarna kuma T, tana ɗaga ko sauke silo, wato gudun da injin yake yi ba a taɓa totur ba. A tsofaffin zartuna ana murɗa L da H dama a hankali har su zauna, ba tare da matsawa ba, sannan a dawo da kowace zagaye ɗaya hagu. Wannan mafari ne kawai. Masu hular roba a kan kusoshi ba a tilasta su, sababbi masu sarrafa kansu da lantarki kuma ba su da kusoshin ma sam.

Ana saiti da sarƙa da ƙarfenta a ɗaure, matatar iska a wanke, injin ya yi ɗumi na 'yan mintuna, birki a sake. A daidaita silo har injin ya tsaya da kansa sarƙa ba ta motsi. A danna totur farat ɗaya: idan ya yi jinkiri kamar zai mutu, a buɗe L hagu kaɗan, idan yana hayaƙi yana nauyi, a rufe ta kaɗan. Kowane juyi kada ya wuce kashi ɗaya cikin takwas na zagaye. H ita ce mai haɗari, domin rufe ta yana sa injin ya yi kuka siriri mai daɗin ji, kuma wannan kukan ne yake cin fistin. Abin da ake nema shi ne a cikakken totur ba a kan itace ba a ji muryar tana ɗan gargada, idan sarƙa ta shiga itace kuma ta washe. Kada a riƙe shi a cikakken gudu ba kaya fiye da daƙiƙa kaɗan.

Wurin da aka yi saitin ma yana da tasiri. Ngaundere tana sama da mita 1,000 daga teku, Garwa kuwa ba ta kai 300 ba, saboda haka zarton da aka daidaita a kan tudun Adamawa, inda iska ta fi sauƙi, idan ya sauko kwarin Binuwai zai sami iska fiye da man da ake ba shi, sai an ɗan buɗe masa H. Bayan an gama, a cika tankin man sarƙa, a yanka busasshen gungume sau biyar ko shida, a kashe injin a bar shi ya huce, a cire fulogi a sake karanta bakinsa. Idan ya fito da launin ƙasa-ƙasa saitin ya zauna; idan ya yi fari a ƙara buɗe H kaɗan a maimaita yankan, idan kuma farin bai gushe ba a koma kan gwajin ruwan sabulu.